Ƙaiƙayin da ke zuwa tare da al'ada: sanyi ne ko audugar ce?

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga saƙo daga wata 'yar uwarmu, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara tsakani da Allah, ban da izgili.

"Anti Admin barka da dare. Don Allah ki saka min wannan a zaure. A Birnin Kebbi nake aure. Tun wajen azumin bara, duk watan da na yi al'ada sai ƙaiƙayi ya taso min, ba daga ciki ba, daga waje, har matsematsina. Ranar farko lafiya lau. Daga rana ta biyu zuwa ta uku sai wurin ya yi ja, ya kumbura, ƙananan ƙuraje su feso, in fitsari ya taɓa sai na cije baki. Bayan na yi wanka da 'yan kwanaki fatar ta yi saɓa ta warke, sai kuma wani watan. Na sha maganin sanyi na kemis, an yi min allurai, na sha na gargajiya, ina zama cikin ruwan zafi da Dettol safe da dare. Maigida ya sha, abokiyar zamana ma an sa ta sha, ita kuma ta ce lafiyarta ƙalau, ni na kawo musu cuta gida. Maganar ta fara zama rigima. Don Allah wane maganin sanyi ne mai ƙarfi da ban gwada ba?"

Maman Khalifa: Allah sarki, sannu 'yar uwa. Sanyi ne ya kama ki da kyau. Shi sanyi in ya daɗe a jiki ba ya jin magani sau ɗaya. Ki samu bagaruwa da kanumfari da ganyen magarya ki tafasa, ki riƙa kama ruwa da shi da ɗuminsa. Kuma ku sha maganin ku uku a lokaci ɗaya, in ba haka ba yawo zai yi ta yi a tsakaninku.

Amaryar Kalgo: Masai ɗaya kuke shiga da ita? In haka ne daga nan kika ɗauko.

Hajiya Inna Argungu: Ku ɗiyan yanzu kun cika son wahala. Wane sanyi? Wagga audugar leda ce ta ka cin naman ɗiyar mutane. Mu da munka tashi ba mu san ta ba. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki har ya yi laushi anka yayyaga muna, mu ninke mu yi ƙunzugu, in ya jiƙe mu canza mu wanke. Ban taɓa jin wata cikin tsararrakina ta yi kukan ƙaiƙayi ba. Ɗiyata, yada ledar ki koma ga tsumma.

Maman Khalifa: Haba Hajiya, a wannan zamanin? Mace ta fita aiki ko biki da tsumma, ta tashi ta bar shaida a kujerar mutane?

Sista Maman Ihsan: Salamu alaikum. Ungozoma ce ni, kuma irin wannan ƙorafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba zan iya yanke hukunci a waya ba tare da na gani da idona ba, amma ku sake karanta saƙon a tsanake. Ta ce daga waje ne. Ta ce ranar farko lafiya, sai ta biyu ko ta uku. Ta ce in ta gama ya warke da kansa. Kuma ba ta ambaci fitar wani ruwa ko wari ba. Abin da muke kira sanyi ba ya duba kalanda haka. Ƙaiƙayin fangas yakan zo da farin ruwa mai kauri gudaji-gudaji, kuma sau da yawa kafin al'ada yake tsananta, jinin na zuwa ya lafa. Ɗayan kuma na bakteriya, ruwa ne tsinkakke mai ƙarni. Nata ya fi kama da fatar da ke faɗa da abin da aka ɗora mata.

Admin ki tambaye ta abu uku. Jan da wurin yake yi, ya bi siffar audugar, wato iyakarsa inda audugar ta tsaya, har inda fukafukan ke naɗewa? Audugar mai ƙamshi ce? Kuma awa nawa take yi da guda ɗaya a jikinta?

Amaryar Kalgo: Sista to maganar masai fa?

Sista Maman Ihsan: Zama kan masai ba ya kawo wannan. A tsaftace masai don tsafta, amma a daina ɗora masa laifin da ba nasa ba, ana haɗa kishiyoyi faɗa a banza.

Admin: Na tura mata. Ga amsarta: "Wallahi Sista kamar kin gani. Jan ya yi tsawo daidai audugar, gefe da gefe kuma inda fukafukan suke nan ya fi ƙuraje. Mai ƙamshi ce, wadda in kin saka za ki ji sanyi-sanyi kamar minti, mai shagon ta ce tana maganin sanyi shi ya sa na koma mata. Ina sakawa da safe in cire bayan isha'i, saboda tana riƙe jini sosai ba ta zuba."

Sista Maman Ihsan: To kun ji. Safe zuwa isha'i ya haura awa 12, a garin da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga rashin wuta. Kowace uwa a zauren nan ta san yadda ɗuwawun jariri ke yi in ya wuni cikin famfas ɗaya. Abu ɗaya ne. Leda a ƙasa, gumi da jini a sama, tafiya tana goga fatar, ita kuma fatar wurin ta fi ta hannu laushi nesa ba kusa ba. Ƙa'ida a canza duk awa 4 zuwa 6 ko da ba ta cika ba.

Amma abin kashi biyu ne, kuma bambancin yana da amfani. Akwai wanda gogayya da danshi ne kawai suka ƙona fatar. Wannan kowace mace zai iya samunta, shi ya fi yawa, kuma in aka gyara yawan canzawa yakan wuce. Akwai kuma alaji na gaske, inda jiki ya riga ya tsani wani sinadari, galibi turaren da aka sa ko gam ɗin da ke manne audugar da kamfai. Shi wannan ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku da taɓa fata, shi ya sa mace ba ta zargin audugar, tunda ranar da ta saka ba ta ji komai ba. Kuma jiki zai iya shekaru yana karɓar abu, rana ɗaya ya juya masa baya. In ya juya, ko ta canza duk awa biyu sai ya taso, sai dai ta bar wannan samfurin gaba ɗaya. Ƙurajen da ta ce sun fi yawa wurin fukafukai ne suka sa nake zargin gam ko turare.

Ɗalibar Aliero: Sista ta yi gaskiya. Ni kimiyyar sinadarai nake karanta, kuma duk mai shakka ta ɗauki almakashi ta yanka sabuwa guda ɗaya ta gani. Sunan audugar mata kawai take ci, yawancinsu babu auduga ko ƙwaya. Shimfiɗar saman da ke taɓa jiki zaren roba ne, wasu ma leda ce mai ƙananan huji, in kin murza za ki ji tana ƙara. Ƙarƙashinta akwai ɓargon itace da aka niƙa ya yi fari, a cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu sheƙi. Ki zazzage su a faranti ki zuba ruwa cokali biyu, kan ki ƙifta ido sun kumbura sun zama jel. Su ne ke riƙe jinin. Sai leda a ƙasa, sai layin gam. Jel ɗin nan shi ke ruɗar mu: sama ta bushe, mace ta ɗauka da saura, alhali gumi ba shi da hanyar fita.

Wannan sanyin mintin kuma ƙari ne aka yi don a sayar. Ba ya kashe wata cuta, fatar da ta riga ta ji ciwo ma ƙara mata raɗaɗi yake.

Hajiya Inna Argungu: To mi na ce? Ga mai boko ta faɗi da bakinta, leda ce.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ban yarda a ce ba sanyi ba ne tun ba a yi gwaji ba. Maigidana kemis gare shi, kullum mata na zuwa da takardar gwaji an rubuta staf, wato wata ƙwayar bakteriya. In babu cuta me ya sa gwaji ke nunawa? Kuma akwai man shafawa mai haɗi uku, wallahi dare ɗaya yake kwantar da ƙaiƙayi. Ta nema ta shafa.

Sista Maman Ihsan: Maman 'Yan Biyu, da girmamawa, wannan man ne nake roƙon ta da ta nisanta. Dare ɗaya yake kwantarwa, gaskiya ne, saboda akwai siteroid mai ƙarfi a ciki, irin wanda masu bilicin ke nema. A fatar wurin, in aka daɗe ana shafawa, fatar sirancewa take yi, ta yi nankarwa, ta riƙa tsagewa, in kuma akwai fangas ya samu wurin yaɗuwa a ɓoye. Ranar da aka daina, ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfinsa, a koma a sake saya. Wasu ma maganin ƙwayoyin cutar da ke cikin haɗin shi kansa yana tayar musu da alaji.

Maganar staf kuma, wannan ƙwayar tana zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya. In aka goga tsinken gwaji ya taɓa fatar waje, za ta iya fitowa a takarda ba tare da ita ce ke damun mace ba. Sai a ɗora mata allurai. Antibayotik kuma ba ya tambaya, har ƙwayoyin kirki masu gadin gaban mace yake kashewa, daga nan fangas na gaske ya shigo. Wadda ta zo da matsalar fata sai ta koma gida da matsala biyu.

Maman 'Yan Biyu: Ku ma'aikatan asibiti kullum laifin kemis kuke gani. Mace ta je asibiti ta yanki kati, ta wuni a layi, a ƙarshe a ce namiji ne zai duba ta. Wacece za ta buɗe wa namiji wannan wurin saboda ƙaiƙayi? Dole ta zo inda za ta faɗa a kunne a ba ta magani ta tafi.

Sista Maman Ihsan: Wannan kam ba zan musa miki ba, kunya na korar mata da yawa. Amma tana da damar cewa mace take so ta duba ta, kuma ɓangaren awo da na tsarin iyali mata ne suka fi yawa. Abin da nake so masu kemis su ƙara shi ne tambaya ɗaya kafin su miƙa magani: yaushe yake tasowa, yaushe yake tafiya?

Maman 'Yan Biyu: Zan faɗa masa. Amma ni dai ta yi gwajin.

Maman Khalifa: To Sista ruwan bagaruwar fa? Iyayenmu da shi suka yi jego.

Sista Maman Ihsan: Fatar da ta yi ja ta saɓule ba ta son komai sai ruwa zalla, mai sanyi ko ɗumi kaɗan. Bagaruwa tana ɗaure fata ta busar da ita, kanumfari yana da yaji, Dettol kuwa ba don wannan wurin aka yi shi ba. Ina kyautata zaton rabin azabar da take sha daga zaman ruwan zafin nan ne safe da dare. Ta daina sabulu mai ƙamshi a wurin, ta daina goge-goge da jiƙaƙƙen tishun jarirai, don shi ma akwai sinadarin hana lalacewa a cikinsa da ke tayar wa wasu da alaji. Ta wanke da ruwa, ta dangwala tawul mai laushi ba gogawa ba, ta shafa basilin fari marar ƙamshi ko man zinki. Kamfai na auduga, a bar matsattsen wando na roba kwanakin. In ƙaiƙayin ya hana barci akwai ƙwayar alaji da ake sha da dare, akwai kuma man haidirokotizon mai sauƙi na kashi 1 cikin ɗari da ake shafawa daga waje na 'yan kwanaki, amma wannan ma'aikacin lafiya ya gani ya ce a shafa.

Amaryar Kalgo: Miski fa? Ni duk gama al'ada sai na sa farin miski, an ce sunna ne. Kuma gaskiya nakan ji ɗan zafi.

Ummu Sudais: Bari in sa baki a nan. Hadisin ya inganta, yana cikin Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda: wata mata ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wankan haila, ya ce ta ɗauki ɗan ƙyalle mai miski ta tsarkaka da shi, Nana A'isha ta ja ta gefe ta ce ta bi gurbin jinin da shi. Amma malamai sun ce mustahabbi ne, wanka ya inganta ko babu shi. Sannan abin da ake sayar mana a 'yan kwalabe yau haɗin turare ne na kamfani, ba kowa ya san me ke ciki ba. Wadda yake ƙona ta ta bari, babu zunubi a kanta, addini bai ce ki cutar da kanki ba.

Abin da ya fi damuna a saƙon nan ma shi ne zargin da ya shiga gidan. An sa baiwar Allah ta sha maganin cutar da ba ta da ita, ita ma mai saƙon an ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ya kamata maigidan ya ji wannan bayanin.

Hajiya Inna Argungu: Malama, ai su Nana A'isha ma auduga da ƙyalle sunka yi amfani da shi, ko ba haka ba?

Ummu Sudais: Haka ne Hajiya, a Muwaɗɗa akwai cewa mata kan aiko mata da audugar da suka sa don ta duba musu ko sun samu tsarki. Amma wannan ba ya haramta na zamani.

Anti Metiron Yauri: Hajiya Inna ki yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa miki. Ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata, kuma masu tsumma ba su fi masu auduga lafiya ba. Kun yi zamaninku da tsohuwar atamfa ta auduga zalla. Yadin yanzu rabinsa roba ne, ba ya shan ruwa, kaushi gare shi, yarinya ta yi tafiya zuwa aji cinyarta ta saɓule. Na biyu wanki: ruwa bokiti ɗaya za ta yi wanka ta yi wanki, ta zuba garin sabulu da yawa don jinin ya fita, ba ta ɗauraye ya fita ba, ragowar sabulun ya bushe a jikin ƙyallen ta mayar jikinta. Na uku shi ne babba, shanya. Ba yarinyar da za ta shanya ƙunzugu a igiya. Ƙarƙashin katifa suke turawa ko cikin akwati, da damina ya kwana biyu bai bushe ba, ya yi warin danshi, haka za a sake sakawa. A gidajen aure ma haka ne, wata tsoron kunya, wata tsoron kar a ɗauke mata a kai wa boka.

Hajiya Inna Argungu: Wanga kuma ƙazanta ce tasu, ba laihin tsumma ba. Mu da ruwan sanyi munka fara wankewa, don ruwan zahi shina kama jini. A ɗauraye har ruwa shi hito garau. A shanya bayan ɗaki inda rana ka bugu, a ruhe da ɗan mayafi marar kauri, ba mai sanin mi a ciki. In ya bushe a bi shi da dutsen guga na gawayi. Uwaye ne ba su koya ma ɗiyansu.

Anti Metiron Yauri: Wannan dabarar rufewa da mayafi ta yi, zan gaya wa yarana. Amma ruwan ɗaurayar fa Hajiya, in famfo ya kwana uku bai kawo ba?

'Yar Jega Mai Shago: Ni ina sayar da kayan nan, bari in faɗi abin da ba a faɗa ba. Sista ta ce a canza duk awa 4 zuwa 6. Lissafa: guda huɗu a wuni, kwana biyar, guda 20 ke nan, fakiti biyu ko uku a wata ga mace ɗaya. Gidan da ke da uwa da 'yan mata uku fa? Kuɗin audugar ya ninka ya sake ninkawa a 'yan shekarun nan. Wallahi akwai masu zuwa su ce in fasa fakiti in sayar musu guda biyu, da su za su yi al'adar gaba ɗaya. Ba rashin sani ne ke sa mace ta wuni da guda ɗaya ba.

Sannan kasuwar ta canza. Kamfanin P&G masu Always sun sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya a ƙarshen 2023, Kimberly-Clark masu Kotex su ma suka rufe a 2024. Yanzu sunaye sababbi sun cika kasuwa, akwai masu kyau a ciki, akwai kuma waɗanda ake kawowa a babbar leda babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Wasu katan ɗin sun sha rana a kan tebur har gam ɗin ya narke ya bi jikin audugar. Ni ba na ɗaukar irin waɗannan, amma su suka fi arha, su aka fi tambaya.

Ɗalibar Aliero: Kuma a takarda dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT a kan audugar da aka yi a cikin gida. Ba mu gani a ƙasa ba. Duk 28 ga Mayu a yi taron ranar tsaftar al'ada, a raba fakiti ɗaya-ɗaya a ɗauki hoto, watan Yuni kowa ta koma inda take.

Sista Maman Ihsan: 'Yar Jega kin taɓo inda ke ciwo, ba ni da amsar da za ta sauke farashi. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne a raba: auduga marar ƙamshi lokacin fita da ranakun da jini ya fi yawa, ƙyalle mai tsafta irin yadda Hajiya ta kwatanta in ana gida da kwanakin ƙarshe. Fatar ta samu iska, aljihu ya samu sauƙi. Kuma gara mai arha marar ƙamshi da za a canza sau huɗu da mai tsada da za a wuni da ita.

Maman Khalifa: Ni fa har yanzu ina mamaki. Shekara nawa ina amfani da mai ƙamshi ban taɓa jin komai ba.

Ɗalibar Aliero: Jiki ne ya bambanta Maman Khalifa. Wata ta sa ɗan kunnen gwal na ƙarya kunnenta ya ruɓe, wata ta shekara da shi lafiya.

Amaryar Kalgo: Wata ƙawata a Abuja ta ce ta koma tamfon, wato audugar da ake turawa ciki, wata kuma ɗan kofin tarar jini take sakawa. Su ba sa kawo wannan?

Sista Maman Ihsan: Tunda ciki suke zama, fatar waje takan huta. Amma tamfon ba ya wuce awa 8 a jiki. A 1980 a Amurka mata sun mutu da wata cuta mai zuwa da zazzaɓi mai zafi, amai, jiri da jan fata, aka gano tana da alaƙa da tamfon mai tsananin shan jini, har aka janye wani samfuri daga kasuwa. Ba ta da yawa, amma duk mai tamfon a jiki da ta ji zazzaɓi kwatsam ta cire ta nufi asibiti. Kofin kuma na silikon ne, ana juyewa a wanke a mayar, a tafasa shi bayan an gama, yana shekaru. Sai dai yana son ruwa mai tsafta da wurin da mace za ta sake, kuma 'yan matanmu da iyayensu ba sa yarda da abin da ake turawa ciki kafin aure, wannan sananne ne.

Anti Metiron Yauri: Sista tunda kina nan. Akwai yarana 'yan bakin kogi da ke ƙaiƙayi ko ba sa al'ada, wata har da ɗigon jini a fitsari. Shi ma audugar ce?

Sista Maman Ihsan: A'a Anti, wannan ki kai su asibiti a duba tsargiya. Yankunanmu na bakin ruwa da fadamun shinkafa, Yauri, Argungu da makamantansu, akwai ta, kuma ba mafitsara kaɗai take taɓawa ba, tana shiga al'aurar mace ta kawo ƙaiƙayi, ruwa da ɗigon jini, a yi ta ba yarinya maganin sanyi a banza. Maganinta ƙwayar firazikwantel ce, irin wadda ake rabawa a makarantu.

Kuma kar kowa ta ɗauka na ce duk ƙaiƙayi auduga ce. Wadda nata ba ya tafiya bayan al'ada, ko akwai ruwa mai wari, ko ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su zama gyambo, ko fatar ta yi fari fat ta yi kauri, ko ciwon mara da zazzaɓi, ta je a duba ta. Mai yawan samun fangas a gwada mata suga. In kuwa leɓe ko fuska suka kumbura, borin jini ya bi jiki, numfashi ya yi wuya, wannan ba na jira ba ne ko da tsakar dare.

Mai saƙo kuma gwajinta mai sauƙi ne: wata biyu ta bar waccan audugar, ta bar Dettol da ruwan zafi, ta riƙa canzawa a kan lokaci. In ya ɗauke an gane. In ta canza samfuri biyu ko uku bai bari ba, ta nemi a tura ta wurin likitan fata a asibitin koyarwa, nan Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a Sakkwato, ta tambayi gwajin alaji na fata. Ana manna 'yan sinadarai a baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu a ga wanne ya tayar.

Maman 'Yan Biyu: Wata biyu tana jira, in kuma sanyin ne ya hau mahaifa fa? Balle in ba ta haihu ba tukuna.

Sista Maman Ihsan: Shi ya sa nake so ta je mace ta duba ta lokacin da abin ya taso, ba bayan ya warke ba. In kunya ta hana, ta ɗauki hoton wurin a wayarta ta nuna wa ma'aikaciyar, ta goge bayan nan.

Admin: Hoton nan a kula don Allah, kar a tura wa kowa, har ni. Na isar mata da komai, ta yi godiya, ta ce za ta nuna wa maigidan bayanin Sista da na Malama.

Maman Sultana Zuru: Na zo a makare. Ni tela ce, ina ɗinka irin wanda ake wankewa, falanel a sama, tawul a tsakiya, da maɓalli a fukafukan maimakon gam. Tambayata ga ɗalibarmu: ƙasan fa, in sa leda ko kar in sa? In ban sa ba yana zuba, in na sa kuma kun ce leda ce matsalar.

Ɗalibar Aliero: Akwai yadi mai hana ruwa wucewa amma yana barin tururi ya fita, irin na kamfan jarirai da ake wankewa, sai dai samunsa a nan wuya, sai an yi saƙo Kano ko Legas. In babu, ki ƙara ninkin tawul ɗin ki yi shi mai cirewa, a riƙa canza na cikin.

Hajiya Inna Argungu: Ashe dai tsumman ne kunka sa ma maɓalli.

Maman Sultana Zuru: Shi ne Hajiya, amma wannan ba ya zamewa a kan kabu-kabu. Anti Metiron, yaranki nawa ne a ɗakin? In falanel bai ƙara kuɗi ba wannan makon zan iya yi muku farashin sari.